Idan Jikin Diragon Ya Sauya Launi, Kada a Yi Saurin Ƙara Ruwa

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin noma da kiwo kan baƙuwar shukar nan da ake kira diragon, wasu su ce pitaya. Wasunku sun ga 'ya'yanta wajen masu kayan marmari: ja a waje, ciki fari ko ja, da ƙananan iri baƙaƙe kamar riɗi. Wani ya sayi reshe da tsada ya dasa a garka, sai ga jikin ya fara yin rawaya. Abin da zai fara yi shi ne ya ƙara mata ruwa. To, sau da yawa a nan ake kashe ta.

Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, yau kuwa Biyetnam na cikin manyan masu nomanta. Ba ta da ganye. Jikinta kore ne mai gefe uku, shigen ƙyarana, sai dai ba ta fitar da farin ruwan nan mai dafi. A jikin take ajiye ruwa, amma fa ba 'yar hamada ba ce. A ƙasarta bishiyoyi take hawa, tana samun 'yar inuwa. Saiwoyinta kuma sama-sama suke. Shi ya sa ba ta jure ruwa kwance, ba ta kuma son zafin da ya wuce digiri 38 zuwa 40.

Makiyayi ba ya ɗura wa saniya magani sai ya duba idonta da hancinta da kashinta. Haka nan ma. Duba inda launin ya fara, ka matsa da yatsa, sannan ka shinshina.

In rawayar daga gindi ta taso, wurin ya yi taushi, yana ruwa-ruwa har da ɗoyi, ruwa ne ya yi yawa, ruɓa ta shiga. Tsayar da ban ruwa nan take. Tone gindin a hankali: lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya baƙa ce tana saɓulewa. Kankare duk naman da ya ruɓe, ka bar wurin ya sha iska. A tsakiyar jikin akwai wata jijiya mai tauri kamar itace. In dai ita ba ta ruɓe ba, akwai sauran rai. In ta tafi, yanke rassan sama masu lafiya ka sake dasawa a wani wuri.

In kuwa rassan sama ne suka yi rawaya ko fari-fari, ta gefen da rana ke duka kawai, jikin kuma da ƙarfinsa, wannan ƙunar rana ce. A watan Afrilu da Mayu aka fi ganinta a yankinmu. Ruwa ba ya maganinta, inuwa take so. Yi mata rumfa da raga ko zana mai shara-shara, wadda za ta tare ranar azahar zuwa la'asar ba tare da ta rufe ta ruf ba.

Ƙishirwa kuma daban take. Reshen zai rame, ya yamutse, gefunan su yi sirara, ƙasa ta bushe ƙayau. Nan ne ake ba da ruwa, kuma cikin 'yan kwanaki za ka ga ta murmure. In duk jikin ne ya koɗe bai ɗaya, ba taushi ba yamutsewa, kuma ba ta yin sabon toho, yunwa ce, taki take nema.

Wanda ya fi haɗari shi ne ƙananan ɗigo-ɗigo masu launin lemo ko ja, waɗanda ke girma su koma ruwan ƙasa, su yi ɓawo, wani lokaci har su huda reshen. Cuta ce, tana yaɗuwa ta fantsamar ruwa da ta wuƙa. Yanke reshen, ka ƙone ko ka binne nesa. Bayan kowane yanka a gasa wuƙar a wuta, ko a tsoma ta a ruwan bilic, wanda a Nijar ake ce wa jabel. Maganin feshi kuwa, a tuntuɓi malamin gona. Amma tsohon gindi da ya yi ruwan ƙasa ya taurare kamar ɓawon itace, tsufa ne kawai, a ƙyale shi.

Batun ban ruwa, yatsanka ne ma'auni. Tura shi cikin ƙasa har gaɓa biyu. Ka ji danshi, bari sai gobe. Da bazara a jigawa yana iya kaiwa sau biyu ko uku a mako, a laka kuwa bai kai haka ba. Da hunturu a rage. Tsakiyar damina a daina, a buɗe wa ruwa hanya. A dasa ta kan tudu, a zuba ruwa a ƙasa da sassafe, ba a jikinta ba.

Makiyaya, takinku na da daraja a nan, amma wanda ya kwana biyu ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa. Ko ruɓaɓɓen ma kada ya taɓa gindi, a bar tazarar tafin hannu. A yi shinge saboda awaki, don inda suka gatsa ƙofar cuta ce.

'Yan kasuwa masu ɗauko rassa daga wani gari, ku duba kowane ɗaya. Reshe mai tabo ko da araha kada a saya, don da shi cutar ke tsallake iyaka. Kada a ƙulle su a leda cikin zafin mota. Ku faɗa wa mai saye ya ajiye reshen a inuwa kamar kwana 5 zuwa 7, bakin yankan ya bushe, sannan ya dasa, zurfin bai wuce santimita 5 ba, ya ɗaure shi jikin turke. Ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi saiwa. In ya mutu a hannunsa cikin mako biyu, kai zai ce ka cuce shi, kuma ba zai dawo rumfarka ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a garke da garka.