ƘURAR SUSSUKA DA CIWON ASMA

Manomi, in kaka ta yi, a kan ga wani ya wuni wurin sussuka lafiya lau, amma da dare sai tari ya tashe shi, ƙirji ya ɗaure, numfashi na fita da ƙara kamar usur. Sau da yawa wannan asma ce. Ba a ɗaukarta daga wani kamar tarin tibi, amma ta kan bi jini.

YADDA ABIN KE FARUWA

A cikin huhu akwai hanyoyin iska masu rassa kamar na itace. Jiki kuma yana da sojojinsa masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ga mai asma, sojojin nan sun cika zafin kai. Sai su ɗauki ƙurar ƙaiƙayi, ko hunhunar hatsi, ko ƙurar akurki a kan abokan gāba. Da sun shaida abin sau ɗaya ba sa mantawa. Ran da ya sake shiga, sai su zubo wani sinadari mai suna histamin tare da waɗansu irinsa. Daga nan abu 3 ke faruwa:

1. Naman da ya kewaye hanyar iska ya tsuke.
2. Cikin hanyar ya kumbura.
3. Majina mai kauri ta taru.

Bayan 'yan awoyi waɗansu sojojin kan biyo baya su ƙara kumburin. Shi ya sa ƙurar rana ke hana barcin dare. In aka bar kumburin shekara da shekaru, hanyar kan yi kauri, ba ta komawa yadda take.

ABIN DA ZA KA YI

1. Wajen shiƙa, tsaya iska ta biyo ta bayanka.
2. Rufe hanci da baki da takunkumi.
3. Busar da hatsi da harawa sosai kafin ajiya, don hunhuna damshi take bi.
4. Yayyafa ruwa kafin sharar akurki ko garke.
5. Mai asma ya nisanci hayaƙin kara da feshin magani.

MAGANI

Maganin shaƙa iri 2 ne. Shuɗin nan yana buɗe hanya nan take, amma ba ya taɓa kumburin. Ɗayan shi ke kwantar da kumburin, sai a riƙa shaƙarsa yadda likita ya ce, ko da an ji sauƙi.

In mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, a kai shi asibiti maza, kada a jira gari ya waye.