Ɗaure Mubaya'a da Kwance Ta a Rashanci da Ingilishi

Ranar 14 ga Disamba 1825, a tsohuwar kalandar Rasha, sojoji kusan 3,000 suka ja daga a Dandalin Majalisar Dattawa na Santa Fitasbag, suka ƙi yi wa sabon sarki Nikolas na Ɗaya mubaya'a. Hafsoshinsu sun shaida musu cewa rantsuwar da suka riga suka yi wa wansa Konstantin tana nan a wuyansu. Kafin dare igwa ta tarwatsa su. Wanda ya san kalmomin Rashanci ba zai yi mamakin ƙarfin wannan hujja ba.

Rantsuwar hukuma a Rashanci ita ce prisyaga, tushenta taɓawa, domin mai rantsuwa kan ɗora hannu kan abu mai tsarki, kuma a zamanin da gicciye ake sumbata. Klyatva, rantsuwar yau da kullum, tushenta ɗaya da la'ana: ka saɓa, ta ci ka. Biyayya kuwa vernost ce, daga vera, wato imani. Izmena kalma ce guda da ke ɗauke da cin amanar ƙasa da cin amanar aure. Shi ya sa da Yarima Andrei Kurbski ya gudu Lituweniya a 1564, Sarki Iban na Huɗu ya rubuta masa cewa ransa ya hallaka.

Ingilishi ya ari yawancin nasa kalmomin na biyayya daga Faransancin Normawa bayan 1066, kuma ƙamshin shari'a suke yi. Loyalty ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin abin da doka ta yarda. Allegiance ita ce haƙƙin ubangida a kan baransa, amma shi ma ubangida akwai kariyar da ta wajaba a kansa. Idan ya gaza, bara na iya shelar kwance ɗaurin, kuma daga wannan al'ada kalmar defy ta fito. Haka manyan hakimai suka yi wa Sarki Jon na Ingila a Mayun 1215, kafin ya amince da yarjejeniyar Magna Carta. Haka kuma Amurkawa suka yi a 1776.

Wannan ba ya nufin Ingila ta buɗe ƙofa da wuri: sai a 1870 doka ta yarda talakan sarauta ya sauya ƙasa. Rashanci ma yana da otrecheniye, janye magana, kalmar da aka yi amfani da ita ga murabus ɗin Nikolas na Biyu a 1917, kuma ita ce kalmar fita daga addini.

Darasin ya shafi duk mai shirin rantsuwar kama aiki. Alkawari kaya ne, kuma mutum biyu ke ɗaukar sa. Rantsuwar da ta ɗaure talaka ta saki mai mulki ba ta barin hanyar gyara sai ta tawaye, kuma talaka ne ke biyan kuɗinta da jininsa.