Shin Ko Kun San? Labarin Gida a Shirin Talabijin na Safe

Shin ko kun san shirin Today na tashar NBC a Amurka, wanda ya fara ranar 14 ga Janairun 1952, har gobe yakan dakata sau biyu a kowace awa, ya bar wa tashoshin garuruwa kusan minti biyar su faɗi nasu? Mutumin Shikago ya ji na Shikago, can kuma kowa ya koma babban zaure. Aikin na ƙidayar daƙiƙa ne: mai karanta labaran gari in ya yi nawa, a bakinsa za a yanke shi.

Ko kun san BBC ba ta shiga harkar ba sai 17 ga Janairun 1983, da shirin Breakfast Time? Duk rabin awa ana miƙa wa yankuna, su kawo labarai da yanayi da halin hanyoyi. A ganina wannan ɗan gutsuren ya fi duk hirarrakin amfani, don mai shirin fita kasuwa hanyar da ta toshe yake son ji.

A Najeriya fa? Talabijin ya fara ne daga yanki kafin ya zama na ƙasa: Ibadan a 1959, Kaduna a 1962, sai a 1977 aka tattara su ƙarƙashin NTA. Shi ya sa har yau, ana cikin labaran ƙasa, za ku ji Abuja ta miƙa wa Kaduna ko Sakkwato ko Maiduguri.

Togo kuwa daga sama abin ya sauko. Tashar ƙasa ta TVT ta buɗe a Lome a 1973, kuma ban da Faransanci tana ba da labarai da Ewe da Kabiye, harsuna biyun da gwamnati ta ɗauka na ƙasa. Yankuna biyar ne a ƙasar, daga Lome zuwa Dapaong ya haura kilomita 600, tafiyar yini guda.

To ina Bahaushen unguwar Nyekonakpoe ta Lome zai ji nasa? Unguwar dab take da iyakar Gana ta Aflao, kuma Hausa na cikin harsunan gida shida da GBC ta Gana ta daɗe tana watsa shirye-shirye da su. Ga kuma Gari Ya Waye na Arewa24, tashar da aka kafa a 2014, ta tauraron ɗan Adam. Sai dai agogon Lome yana bayan na Kano da awa guda, abin da Bakano zai kalla ƙarfe takwas, nan ƙarfe bakwai ne. Kuma labarin Kano ne, ba na Kasuwar Asigame ta Lome ba.

Masu tashoshin Lome, a ware wa Hausawan garin ko minti biyar ne da safe, masu kallo na nan.