Raddi Ga Masu Cewa Ƙaramin Tururin Nukiliya Ba Ya Cutarwa

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin masu ilimi, injiniyoyi da ma'aikatan lafiya har da wasu malaman jami'a, cewa ƙaramin tururin nukiliya ba ya yi wa ɗan Adam komai, masu adawa da masana'antar nukiliya kuwa tsorata jama'a kawai suke yi. Ina ganin girman masu wannan ra'ayi, domin ba da ka suke magana ba. Sai dai a ganina sun riƙe gefe ɗaya na gaskiya sun saki ɗayan.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Kowannenmu yana shan wannan tururi tun daga ranar haihuwa, daga duwatsu da ƙasa da sararin sama, har da abincin da muke ci. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2008 cewa a matsakaici mutum na samun milisibat (ma'aunin tururi) 2.4 a shekara ta wannan hanya. A gaɓar tekun Kerala ta Indiya mutane na zaune inda adadin ya ninka haka, kuma binciken da aka yi a can bai nuna ƙaruwar ciwon daji a fili ba. Bayan haɗarin Fukushima a Japan a 2011, waɗanda wahalar ƙaura daga gidajensu ta yi ajalinsu, galibi tsofaffi da majinyata, sun haura 2,000, adadin da ya zarce na waɗanda tururin ya kashe nesa ba kusa ba. Don haka in an ce wasu 'yan fafutuka kan wuce gona da iri, ban musa ba.

Inda muka raba gari shi ne ɗaukar abin da ido bai gani ba a matsayin babu shi. Ciwon dajin da tururi ke haddasawa kan ɗauki shekara goma ko ashirin kafin ya bayyana, kuma in ya zo, likita ba zai iya bambance shi da wanda taba ko gado ya jawo ba. Sai an bi diddigin jama'a masu ɗimbin yawa na tsawon lokaci kafin a gano ƙarin. An kuwa yi hakan. Binciken INWORKS, wanda hukumar nazarin ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon ta jagoranta, ya duba ma'aikatan nukiliya sama da 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka. Sakamakon da aka wallafa a 2015 kan sankarar jini, da na 2023 kan sauran nau'o'in daji, ya nuna haɗarin mutuwa na ƙaruwa gwargwadon abin da ma'aikaci ya tara a jikinsa, alhali yawancinsu kaɗan-kaɗan suka sha cikin shekaru. Da yayyafi kogi kan cika.

Wannan gardama ta daɗe. A 1956 likita Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta gano cewa yaran da aka ɗauki iyayensu mata hoton eksire suna ɗauke da cikinsu sun fi kamuwa da ciwon daji. Manyan masana sun ƙi yarda da ita, aka shafe shekaru ana ja-in-ja. Yau duk asibitin kirki sai ya tambayi mace ko tana da juna biyu kafin a ɗauke ta hoton. Ƙa'idojin duniya ma a kan zaton cewa babu adadin da haɗarinsa sifili ne aka gina su: milisibat 1 a shekara ga jama'ar gari, 20 ga ma'aikata. Kamfanonin nukiliya da kansu a ƙarƙashin wannan doka suke aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Arlit, a arewacin Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971. Ƙungiyar Aghir In'man ta mutanen garin, tare da masanan CRIIRAD na Faransa, sun samu gwangwan mai ɗauke da tururi daga ma'adinan ana sayarwa a kasuwa. Ƙungiyar Greenpeace ta ce a 2009 ta auna wasu titunan Akokan da ke kusa da Arlit ta ga tururin ya ninka na yau da kullum har kusan sau 500, kuma huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta gwada sun zarce ƙa'idar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva mai haƙar ma'adinan, wanda yanzu ake kira Orano, ya musanta da dama daga cikin zarge-zargen. To amma kwatanta wannan da hoton asibiti, kamar yadda wasu kan yi, kuskure ne. Hoton daƙiƙa guda ne, majinyaci ya amince, kuma shi ke amfana. Ƙurar da iska ke kwasowa ta shiga huhu, da ruwan da yaro ke sha kullum, a cikin jiki suke zama. Iskar radon da ke fita daga irin wannan ƙasa tana cikin manyan musabbaban ciwon dajin huhu bayan taba, kuma ita ta yi wa mahaƙan ƙabilar Nabaho ɓarna a Amurka har gwamnati ta kafa dokar biyan diyya a 1990.

An rufe ma'adanin COMINAK, ɗaya daga cikin ma'adinan yankin Arlit, a watan Maris na 2021, aka bar tarin tarkace kimanin tan miliyan 20 a gefen gari. Sinadarin radiyom da ke cikinsa sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu. Kamfanin ya ce zai rufe tarin da laka da duwatsu. Mutanen Arlit na da haƙƙin a bar masana masu zaman kansu su riƙa auna ruwa da iska, a bayyana sakamakon da Hausa da Tamashek, a kuma buɗe rajistar masu ciwon daji a jihar Agadez. Tunda gwamnatin Nijar ta ƙwace SOMAIR, ɗaya kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, a 2025, wani kaso na wannan nauyi yanzu a wuyanta yake.