Itatuwa da Ciwon Dajin Fankiriyas

A Gombe, in shawara ta kama mutum, idanunsa suka yi ɗorawa, galibi wajen masu saiwoyi ake fara zuwa a sayo rawaya a jiƙa. Amma fa ba kowace shawara ce ta hanta ba. Wata alama ce ta ciwon daji a fankiriyas, watau tsokar nan ta bayan tumbi mai fitar da insulin, musamman in akwai rama da ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya.

Gaskiya ne itatuwa na da magani. Cikin 1971 masana biyu a Amurka, Wall da Wani, suka bayyana sinadarin Taxol daga ɓawon wata bishiya, kuma a 2013 aka amince da wani nau'insa don wannan cuta. Haka irinotekan, asalinsa wata bishiyar ƙasar Sin ce. Darbejiya da kurkum ma an gwada su, amma alamar nasarar a ɗakin bincike da jikin ɓeraye aka fi gani. Tsakanin ganye da allura akwai tacewa, da auna ƙima, da gwaji na shekaru.

Saboda haka jiƙo ba zai maye gurbin likita ba. Ciwon nan sai an gano shi da wuri tiyata ke yiwuwa. Wanda shawararsa ta ƙi tafiya, lalle ya hanzarta zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Allah ya ba mu lafiya, amin.