Kafin Ka Kai Tsohon Sule Wurin Maƙeri

A gidaje da dama akwai wani ɗan gwangwani ko ƙullin tsumma a ƙasan akwatin tsohuwa, cike da tsoffin sulalla. Ranar rabon gado sai a rasa yadda za a yi da su: wani ya ce a ba yara su yi wasa, wani kuma ya rantse miliyoyi ne a kwance. Yawanci dukansu biyun sun yi kuskure.

Abin da za a fara dubawa shi ne shekara. A 1912 Turawan Ingila suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, daga 1913 kuma ta fara fitar da taro, sisi, sule da fataka na azurfa, masu kan Sarki Joji na Biyar. Sule da fataka suna da hoton bishiyar kwakwa a baya. Daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 925 ce cikin 1,000. A 1920, da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai aka rage ta zuwa rabi, daga nan aka koma tagulla, shi ya sa na baya suke da ɗan rawaya-rawaya. Kwabo, ɗari da anini masu huji a tsakiya ba a taɓa yin su da azurfa ba, haka ma sulen Nijeriya na 1959, duk farinsa. Sulallan Ingila kanta da suka shigo hannun mutanenmu, nasu lissafin daban ne: kashi 925 har 1919, rabi daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu ko ɗigo.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne liyari, wannan babban kuɗin mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ta Sahara, mata kuma suka mai da shi abin wuya. Mutum zai ga 1780 a jiki ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Ita dai sarauniyar a 1780 ta rasu, amma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a canja ba, a Biyana, Landan, Faris, Rum har da Bombay. Saboda haka liyarin da ke hannunka yana iya zama na ƙarni na 20. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833, wato wajen giram 23 na tsantsar azurfa. Wannan ba abin rainawa ba ne, amma ba ya sayen gida.

Gwaji kuwa, sikelin masu sayar da gwal ya fi kowace dabara. Sule giram 5.65 yake, fataka 11.31. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan. In ka ga ya yi nisa da haka, to da walakin. Sai ƙara: ɗora shi a kan yatsa ka ɗan buga gefensa da wani, azurfa tana yin ƙara siririya mai jan lokaci, jabun dalma kuwa ƙwal ɗaya ya yi shiru. Maganaɗisu yana fallasa na baƙin ƙarfe kawai. Rashin mannewa ba shaida ba ce, don tagulla ma ba ta mannewa.

Daraja iri biyu ce. Akwai kuɗin azurfar da ke ciki, wanda za ka samu in ka lissafa giram da farashin ranar. Sulen da ya goge har rawanin sarki ya ɓace, mafi yawa a nan ya tsaya. Akwai kuma abin da masu tara tsoffin kuɗi ke biya, su kuwa suna kallon ƙarancin bugun shekarar, da lafiyar zanen, da ɗan harafin da ke nuna masana'anta, kamar H na kamfanin Heaton a Bamingam. Sulalla biyu masu nauyi ɗaya sai farashinsu ya bambanta nesa ba kusa ba saboda wannan ɗan harafin da sai an ƙura ido.

A nan ne muke yi wa kanmu ɓarna. Mu a wurinmu abu mai ƙyalli shi ne mai kyau, sai mu ɗauko toka da lemun tsami, wani har da soson ƙarfe, a dirje shi tas. Mai saye na gani zai gane, domin wannan duhu-duhun da shekaru suka bari shi yake nema, ƙarcen kuma ba ya gyaruwa. Huji da lahamin da aka yi don rataya su ma suna mayar da kuɗin farashin narkawa.

In wani ya zo da zaƙin baki cewa tsohon kwabonka na da wani sinadari da Turawa ke nema, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. Ka ware sulallan kafin 1920 gefe, ka naɗe kowanne a takardarsa ba tare da wanki ba, ka auna, ka ji farashi daga mutum biyu ko uku kafin ka bari maƙerin fari ya sa shi a wuta.