Takalmi da Sunayensa: Daga Kurmi zuwa Tamanrasset

Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi yadda takalmi ya sauya a ƙasar Hausa, da yadda sauyin ya bar tambarinsa a harshe. Ɗalibi ya lura cewa sunan kaya kan nuna hanyar da kayan suka biyo.

Takalman gargajiya

Sana'ar takalmi ta dukawa ce. Majema su jeme fata da bagaruwa, baduku ya yanka ya ɗinka. Daga hannunsa ake samun fade da sambatsai da kubutai. Huffi kuwa sunansa daga Larabci ya zo, wato khuff.

Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa bayan tufafi, takalmi na cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa zuwa nesa, ya kuma ƙiyasta cinikinsa da kuɗin wuri miliyan 10 a shekara. Ayarin raƙuma ne ke ɗaukar kayan fata daga kasuwar Kurmi zuwa Agadas, su tsallaka Sahara. Har yau akwai Hausawa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, musamman daga Nijar, a Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, inda ake cin kasuwar Assihar.

Takalman zamani

Zuwan Turawa ya kawo takalmin masana'anta. Kamfanin Bata, wanda Tomáš Baťa ya kafa a garin Zlín a 1894, ya yaɗa irinsa a Afirka cikin ƙarni na 20. Hausa ta karɓi sababbin nau'o'in ta hanyoyi uku:

1. Aro daga Ingilishi: silifas, kambas, but, sandal.
2. Ƙirƙira: sau-ciki, takalmin roba.
3. Kwaikwayon sauti: ƙwas-ƙwas, wato takalmin mata mai tsini, saboda ƙarar da yake yi a kan daɓe.

Da can takalmi kan nuna muƙami, shi ya sa talaka ke tuɓe nasa tun daga nesa idan zai gaida sarki. Yanzu kuwa yayi yake nunawa.

Kammalawa

Kayan roba masu araha daga Sin sun rage wa dukawa kasuwa, kuma idan sana'a ta ja baya, kalmominta kan bi ta. Don haka ɗalibi ya je wurin baduku, ya tambayi sunan kowane sashe na fade, ya rubuta da alamun karin sauti da tsayin wasali.